Tun Jinka Na Ƙasa Ake Raba Aiki

A ƙauyukan da ke kewaye da Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a ƙasar Zuru, idan kaka ta wuce, dawa ta shiga rumbu, sai magidanta su juya kan gyaran ɗakuna tun kafin iskar bazara ta taso. A ƙasa ake ɗaure tsaiko, a yi masa tanka, a yi yantar ciyawa, a baibaye. Wannan duk aikin mutum biyu ne ko uku, ana yi ana hira, in rana ta yi zafi a koma inuwa. Ranar ɗorawa ce ake kiran maƙwabta. Kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma duk wanda ya taɓa shiga ƙarƙashinsa ya san hannu ashirin ma ba sa ɗauka matuƙar kowa zai kama inda ya ga dama.

Shi ya sa kafin a taɓa komai sai wani dattijo ya zagaya. Ya dubi tsayin mutane, ya jera su yadda gefe ba zai rinjayi gefe ba, kada dogaye su taru gabas gajeru su taru yamma. Ya tura samari biyu cikin ɗaki da gwafa, su ne za su tare daga ciki. Ya sa a kawar da turmi da tukwane daga hanya, a kore yara da awaki. Ya tsayar da mutum ɗaya can gefe, wanda hannunsa ba zai taɓa komai ba, aikinsa kawai ya duba ko baki ya daidaita da bango. In aka ce wane bai iso ba, nan take za a faɗi wanda zai tsaya a gurbinsa. Sannan ya ce murya ɗaya za a bi. Dalili a bayyane yake: da zarar jinka ya tashi sama, wanda ke ƙarƙashi ba ya ganin komai sai ciyawa da ƙafafun 'yan uwansa. Nauyi na kan wuyansa, ƙaiƙayi na zubo masa a ido, babu halin tambaya balle shawara. Abin da ba a faɗa ba tun ana ƙasa ya wuce faɗa, sai dai a ji bango ya tsage ko wani ya yi ƙara.

Da irin wannan tsari ne ake tsare rayuka a manyan jiragen ruwa na dakon kaya. Mahuta na nesa da teku, amma babur ɗin da ake hawa zuwa Zuru, da injin niƙa, da alkamar da aka yi burodin shayi da ita, duk ta ruwa suka iso tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can kafin tirela ta hauro da su arewa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya a kan teku suke tafiya. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu: kamfanin jiragen ruwa na ƙasa da Najeriya ta kafa a 1959 ya taɓa mallakar jirage masu sunan Dan Fodio da El Kanemi, kafin ya durƙushe a 1995.

Jirgin kwantena na zamani kan kai tsawon mita 300 ko fiye, amma ma'aikatansa ba su cika wuce ashirin da 'yan kai ba. In wuta ta tashi a tsakiyar teku, babu 'yan kwana-kwana, babu asibiti, babu maƙwabcin da zai jiyo kururuwa ya ɗauko bokiti. Mutanen nan ashirin su ne komai. Don haka dokar ƙasa da ƙasa ta tsare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, da ke ƙarƙashin kulawar hukumar IMO ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Landan, ta wajabta wa kowane jirgi allon rabon aiki. Dole a kammala shi kafin jirgi ya bar tasha, a kafa shi a ɗakin tuƙi, da ɗakin inji, da wuraren kwanan ma'aikata. In an sauya ma'aikata, a gyara allon. A kansa an rubuta inda kowa zai tsaya da abin da zai yi: wane zai rufe ƙofofin da ke tare ruwa, wane zai rufe na wuta, wane zai shirya kwale-kwalen ceto, wane zai ɗauko rediyon hannu, su wa za su shiga hayaƙi da mesa.

Alamar taruwa ɗaya ce a duk duniya, busa gajere sau bakwai ko fiye, sannan dogo ɗaya. Wanda ya ji ta, ko barci yake ko wanka, zai sa takalmi da hular kwano, ya ɗauki rigar ceto, ya nufi matattararsa. Jiniyar ba ta nufin a bar jirgi. Umarnin barin jirgi daga bakin kyaftin kaɗai yake fitowa, domin sau da yawa jirgin da ke cin wuta ya fi ƙaramin kwale-kwale a cikin igiyar ruwa aminci, kuma ba a son tsoron mutum ɗaya ya ja sauran su faɗa teku.

Abu na farko da ake yi a matattara shi ne ƙirga kawuna. Mai karatu zai ce wuta na ci ana kiran suna? To, ga dalili. Idan wutar ɗakin inji ta fi ƙarfin mesa, jirage da yawa suna da jerin tukwanen iskar da ke shaƙe wuta. Sai a kashe fanka, a datse mai, a toshe kowace kafa, a saki iskar ta cika ɗakin. Iskar da ta shaƙe wuta za ta shaƙe duk mai numfashin da ya rage a ciki. Saboda haka ba a jan wannan hannu sai an tabbata kowa ya fito, kuma ba za a tabbata ba sai da ƙirga. Haka nan in aka rasa mutum ɗaya, ƙirgar ce za ta nuna ko wane ne, a tuna inda aka gan shi ƙarshe, a tura masu nema can kai tsaye maimakon su bi ɗakuna ɗari.

Daga nan sai kowane rukuni ya kama gefensa. Kyaftin yana ɗakin tuƙi tare da mai riƙe sitiyari da jami'in da ke kiran agaji ta rediyo yana kuma rubuta lokacin da aka yi kowane abu. Kyaftin ba ya sauka ya kama mesa, komai ƙarfin zuciyarsa, domin shi ne mutumin nan da aka tsayar gefe don ya ga abin da na ƙarƙashi ba sa gani. Babban injiniya yana kula da lantarki da famfunan ruwa. Babban jami'in bene kan jagoranci masu kashe wuta, in kuma a ɗakin inji ne, injiniya na biyu ya karɓa, don shi ya san lungunan wurin. Mutum biyu za su sa kayan wuta da tukunyar iska a baya, wadda doka ta ce ta ɗauki mutum aƙalla minti 30, wani kuma na tsaye a bakin ƙofa yana rubuta lokacin da suka shiga don a kira su kafin iskar ta ƙare. Wasu na fesa ruwa a bayan bangon ƙarfe don kada zafi ya kunna ɗakin da ke maƙwabtaka. Hatta kuku yana da nasa: ya kashe murhu, ya rufe kicin, ya zo da gadon ɗaukar majiyyaci da barguna da akwatin magani. Wannan sashe na allon yana burge ni ƙwarai, domin a cikinsa babu ɗan kallo, babu wanda aka raina. Yaron da ke wanke kwanuka yana da layinsa kamar yadda kyaftin ke da nasa.

Dokar ta ƙara da cewa a rubuta magajin kowane mai babban aiki, in shi ne ya ji rauni ko ya maƙale. A ranar tashin hankali, wanda aka fi dogara da shi yana iya zama na farko da zai faɗi.

Wanda yake son ya ga abin da ke faruwa idan aka bar aiki tsakanin mutum uku ba tare da an ɗora shi sosai a wuyan ɗaya ba, ya dubi jirgin Herald of Free Enterprise. Ranar 6 ga Maris 1987 ya taso daga Zeebrugge a Beljiyam zai tsallaka zuwa Dover a Ingila, ɗauke da motoci da fasinjoji. Ƙofofin gaba, inda motoci ke shiga, a buɗe suke. Wanda aikinsa ne ya rufe su yana ɗakinsa barci ya ɗauke shi. Shugabansa ya bar wurin, ƙofofin na buɗe, bai rufe ba, domin a ganinsa ba aikinsa ba ne. Jami'in da ya kamata ya tabbatar an rufe, tsarin kamfani ya buƙaci ya kasance a ɗakin tuƙi a daidai wannan lokaci, ya tafi da zaton mai rufewa na tafe. Kyaftin kuwa ba ya hango ƙofofin daga inda yake, kuma al'adar jirgin ita ce in ba a kawo ƙara ba, to komai lafiya. Tun kafin wannan rana wasu kyaftin-kyaftin sun roƙi kamfanin ya sa fitilar da za ta nuna an rufe, ba a sa ba. Jirgi na fita daga tasha ruwa ya kwararo, cikin kamar daƙiƙa 90 ya kwanta a gefe. Mutum 193 suka rasu, ga gari ana hangowa. Binciken da Mai shari'a Sheen ya jagoranta bai tsaya kan mai barci ba, ya bi laifin har ofishin kamfani. Wannan haɗari na cikin abin da ya haifar da ƙa'idar da IMO ta amince da ita a 1993, wadda ta fara aiki a 1998, mai tilasta wa kamfani da kansa ya rubuta tsarin tsaro, ya fayyace aikin kowa, ya kuma naɗa mutum a tudu wanda ma'aikatan jirgi za su kai wa kuka.

Ita kanta SOLAS daga makoki aka haife ta. Titanic ya nutse a Afrilun 1912 da mutum kusan 2,200, kwale-kwalensa 20 na iya ɗaukar 1,178 kacal, amma waɗanda suka tsira kimanin 700 ne. Kwale-kwale na farko da aka sauke yana da wurin mutum 65, ya tafi da ƙasa da 30. Ko ɗan wurin da ake da shi ba a cika ba, saboda ma'aikata ba su saba da aikin ba. A 1914 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar farko, wadda ake aiki da ita yau kuwa ta 1974 ce, ana ta yi mata gyara.

Sai dai allo a bango ba ya kashe wuta. Jiki ne ke buƙatar ya haddace, shi ya sa aka wajabta atisaye. A jirgin kaya kowane ma'aikaci zai shiga atisayen wuta da na barin jirgi aƙalla sau ɗaya a wata. In fiye da rubu'in ma'aikata sababbi ne, a yi shi cikin awa 24 da barin tasha. A jirgin fasinja kowane mako ne. Kowane kwale-kwalen ceto na gefen jirgi a sauke shi ruwa a zagaya da shi sau ɗaya cikin wata uku. Ma'aunin ma a rubuce yake: jirgin kaya ya iya sauke kowa cikin minti 10 daga ba da umarni, na fasinja cikin minti 30. Mutanen ƙasar Zuru, da suka cika barikokin Najeriya da sojoji tun zamanin Turawa, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan amfanin maimaita abu har ƙafa ta riƙa yinsa ba tare da ta jira kai ba.

Abin da ke ɓata min rai shi ne atisayen takarda, inda za a rubuta a littafin jirgi an yi, alhali an taru ne an ɗauki hoto an watse. Wanda ya sa hannu a irin wannan ya ci amanar abokan aikinsa, kuma ranar biya ba shi kaɗai zai biya ba. A Afrilun 1990 wuta ta tashi a jirgin Scandinavian Star tsakanin Norway da Denmark, mutum 159 suka halaka. Ma'aikatan sababbi ne, ba su yi atisayen wuta a jirgin ba, da yawansu kuma ba sa jin yaren fasinjoji, ba sa jin Turanci sosai. Yanzu doka ta ce kowane jirgi ya tsayar da harshen aiki guda ɗaya, a rubuta shi a littafi, kowa ya iya karɓar umarni da mayar da rahoto da shi, domin a jirgi guda za ka tarar da ɗan Filifin da ɗan Indiya da ɗan Yukren da ɗan Najeriya. Costa Concordia kuwa, da ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairu 2012, yana ɗauke da fasinjoji kusan 700 da suka hau a ranar, ba a riga an nuna musu matattararsu ba. Kyaftin ya yi jinkirin ba da umarni, sannan ya bar jirgi da sauran mutane a ciki. Mutum 32 suka rasu, kotu ta ɗaure kyaftin ɗin shekara 16. Daga 1 ga Janairu 2015 aka ce a tara fasinjoji a yi musu bayani kafin tashi ko nan take bayan tashi.

Darasin da ya fi kowane wuya a wannan fanni shi ne hana mutumin kirki bin zuciyarsa. Masu ɗaukar jinka sun san shi. Idan gefe ɗaya ya karkata, aka ji wani na nishi, zuciyar kowa cewa take ya saki nasa ya ruga ya taimaka, kuma wannan rugawar ce ke kifar da jinkan gaba ɗaya a kan wanda ake son ceta. Taimakon da ake so daga gare ka shi ne ka riƙe naka, ka jira murya. A watan Satumba 2007, a jirgin Viking Islay a tekun da ke gabashin Ingila, wani ma'aikaci ya sauka ɗakin da ake tara sarƙar anga don ya ɗaure ta, ta daina ƙara. Tsatsa ta riga ta shanye iskar numfashi a wurin, babu wari, babu hayaƙi, babu alamar komai. Ya faɗi. Abokinsa ya yi shela, ya bi shi, ya faɗi. Na uku ya zo ceto, babbar tukunyar iska ta hana shi shiga ƙofar, ya sa ƙaramar hular numfashi wadda aka yi don gudu daga hayaƙi, ta goce daga kansa. Su ukun duka suka rasu. Babu ragon namiji a cikinsu, zumunci ne ya ja su. Irin wannan mutuwa ta yi yawa a jirage har aka wajabta atisayen shiga rufaffen wuri da ceto daga cikinsa kowane wata biyu, tun daga 2015. Abin da ake koyarwa yana da ɗaci: ka ga ɗan uwanka kwance a ƙasan rami, ka tsaya a bakin ƙofa, ka buga ƙararrawa, ka jira a auna iska, a kawo igiya da tukunya da masu ja.

Duk wannan labarin teku ne, amma ruwan da ke cin mutanenmu yana nan kusa. Daga Mahuta in ka bi hanyar Koko ka gangara kudu, ka iso Yauri, bakin Kogin Kwara da tafkin Kainji. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya tsage kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, yawancinsu masu neman abinci, da mata da yara. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai ta jihar Kano, da 'yan makarantar Islamiyya a ciki. A Yunin 2023 mutum fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi suna dawowa daga ɗaurin aure da dare. Allah ya jiƙansu. Gaskiya ce, rabon aiki ba zai gyara ruɓaɓɓen katako ba, ba zai rage lodin da ya wuce kima ba. Wannan hakkin masu jirage ne da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lokoja, wadda ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ceto, dokokin da ke buƙatar mai tsayawa a bakin ruwa ya tabbatar da su. Amma a haɗarin Warrah alƙaluman waɗanda ke cikin jirgin sun yi ta bambanta daga baki zuwa baki, kuma masu ninƙaya sun kwana suna nema ba tare da sanin ko saura nawa ba.

Ilmin ruwa ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Sarkawa da Gungawa sun san kogin nan kamar tafin hannu, wanda ya kalli bikin Rigata a Yauri ya ga gwanintar tuƙi da ninƙaya da ba a koyo a aji. Akwai sarkin ruwa, akwai ƙungiyoyin masu jirage a kowace mashiga. Abin da ya rage shi ne a zauna tun igiya na ɗaure a faɗi aikin kowa da baki, a gaban fasinjoji. Jirgin fito yana da matuƙi da yara biyu ko uku. Ɗaya ya tsaya a goshi da gora yana duban kututture, domin itatuwan da tafkin ya haɗiye tun da aka datse Kainji a 1968 suna nan ƙarƙashin ruwa. Ɗaya ya san kwarfar ruwa tasa ce, ya san inda bokiti yake, kada a danne shi da buhuna. A faɗi wanda zai kama inji in matuƙi ya faɗa ruwa. A faɗi wanda zai ɗaga murya ya ce kowa ya zauna inda yake, domin turereniya zuwa gefe ɗaya ta kifar da jiragen da ƙila da sun kai gaɓa. Waya mai caji ta kasance a cikin leda a wuyan mutum sananne, da lambar wanda za a kira a tudu, shi kuma na tudu ya san jiragen da za su fara fita da masu nutson da za a tasa. Ranar kasuwa ɗaya a wata, kafin a fara lodi, a gwada a gani ko minti nawa zai ɗauka.

Sai ƙirga. Yaron jirgi yana ƙirga kuɗin fito ne, don haka goyon da ke baya da yaron da ke kan cinya ba sa shiga lissafinsa, alhali su ne ruwa ke fara ɗauka. Dokar manyan jiragen fasinja ta ce a ƙirga kowa kafin tashi, a rubuta suna da jinsi, a bambanta babba da yaro da jariri, a lura da mai buƙatar taimako na musamman, sannan a bar bayanin a tudu inda masu ceto za su same shi nan take. A mashigar Warrah ko Yauri wannan na nufin littafi guda a hannun sakataren ƙungiya, da sa hannun matuƙi a ƙarƙashin adadin, kafin a kwance igiya.